Flan a tukunya ko a fur: amsar tambayar amarya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwarmu amarya ta yi tambaya a kan flan, haɗin nan na ƙwai da madara mai ruwan ƙonannen sukari a kai. Ta ce ba ta da fur, wato obin ɗin gashi, ta turara nata a tukunya, sai ya fito duk huji-huji yana tsatsafar da ruwa, ga ƙarnin ƙwai. Maƙwabciyarta kuma ta ce mata ai flan ba ya yiwuwa sai da fur. Tana so ta sani ko ta haƙura har Allah Ya hore mata fur ɗin, ko kuwa akwai dabara.

Ƙanwata, kada ki haƙura. Ina yin sa ta hanyoyin biyu duka, kuma a gidajenmu na Maradi tukunya nake fifitawa. Abin da ya ɓata naki yawan wuta ne, ba rashin fur ba. Ƙwai idan aka haɗa shi da madara da sukari yana kamawa ne a wajen digiri 80 na zafi. Da ya kusanci 90 sai ya fara takurewa yana matso ruwan jikinsa, idan kuwa ya kai ga tafasa sai kumfa ta shiga ta bar waɗannan ramukan da kika gani. Ƙarnin ma mafi yawansa daga nan yake, don ƙwan da ya sha wuta ya wuce kima shi ke tashi da wari. Duk bambancin tukunya da fur a kan wannan tazarar ta digiri goma yake, wato wanne ya fi sauƙin tsayar da zafi a inda ake so.

Haɗin dai iri ɗaya ne ko ta ina za ki bi. Rabin lita na madara, ƙwan kaji 4, sukari giram 80 zuwa 100, da ledar sukarin vanil guda. Ki ɗumama madarar, kada ta tafasa. Ki fasa ƙwan a kwano ki juya shi da sukarin a hankali da cokali mai yatsu, iyakar dai farin da kwaiduwar su haɗe. Da yawa a nan suke yin kuskure, su kama bugu har ya yi kumfa, alhali iskar da aka buga ciki ita ma huji take zama. Sai ki tsiyaya madarar kaɗan-kaɗan kina juyawa, ki tace da rariya mai laushi, ki bar shi ya huta minti goma, ki kwashe kumfar da ta taso da cokali.

Ƙona sukarin ma ba ruwansa da fur, a kan wuta ake yi. Sukari giram 100, ruwa cokali uku, da ɗigon lemon tsami biyu ko uku don kada ya koma ƙanƙara. Ki ɗora a ƙaramar tukunya mai kaurin gindi, kuma da zarar ya fara tafasa ki ajiye cokali, kada ki ƙara sa shi ciki. Da farko za ki ga manyan kumfa farare suna fashewa da sauri. Can sai su ƙanƙance su yi nauyi, ƙarar ta ragu, gefen tukunya ya fara yin rawaya. Daga nan ba a matsawa ko nan da ƙofa. Ki kama hannun tukunyar ki riƙa karkata ta, kalar ta zagaya, har ya zama ruwan zuma mai duhu, ƙamshi ya tashi da ɗan siririn hayaƙi. Sauke nan take, don zafin tukunyar kaɗai yana ci gaba da ƙona shi. Wanda aka sauke da wuri zaƙi ne zalla ba armashi, wanda ya yi baƙi kuma ɗaci ne da ba ya gyaruwa, sai dai a zubar a sake. Ki juye a kwanon da za ki yi flan ɗin, ki jujjuya ya rufe gindin, ki bar shi ya daskare kafin ki zuba haɗin. Don Allah a kori yara daga madafa a wannan lokacin. Narkakken sukari yana kaiwa digiri 170, ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ya ɗiga a fata mannewa yake yi.

To, ga inda hanyoyin suka rabu.

A fur, ana sa kwanon flan cikin wani faffaɗan faranti mai zurfi, a zuba ruwan zafi har rabin tsayin kwanon, a gasa a digiri 150 zuwa 160. Idan fur ɗinki irin mai lambobi ne na Faransa, kowace lamba digiri 30 ce, lamba 5 ke nan. Babban kwano yana ɗaukar minti 45 zuwa awa guda. Alherin wannan hanyar shi ne ruwan farantin a buɗe yake, yana fitar da tururi yana rage wa kansa zafi, don haka da wuya ya kai ga tafasa. Zafin yana ratsa haɗin sannu a hankali, kuma ko kin yi lattin minti biyar ba lallai ya lalace ba. Shi ya sa masu fur suke ganin abin da sauƙi.

A tukunya kuwa, murfi yana rufe, tururi yana kan digiri 100 cur, kuma tururi ya fi busasshiyar iskar fur saurin shigar da zafi cikin abinci. Ga hatsarin ke nan, kuma ga ribar: yana nuna da wuri, amma ba ya yafe sakaci. Mu da muka saba da alala hannunmu ya saba da sakin wuta ruwa ya yi ta ɓararraka, wake ba ya damuwa. Ƙwai da madara ba su jure wannan ba.

Ga yadda nake yi. Ina ninke tsumma mai tsabta in shimfiɗa a gindin tukunya don kada kwano ya zauna kan ƙarfe kai tsaye. Ina rufe bakin kwanon da takardar alminiyom, ko faranti idan babu, in zaunar da shi, in zuba ruwan zafi har rabinsa. Murfin tukunyar ina naɗe shi da wani tsumman, saboda gumin da ke taruwa a ciki kada ya riƙa ɗiga kan flan yana yi masa tabo. Sannan ina saƙala cokali tsakanin murfi da baki, a bar 'yar kafa tururi yana fita. Ruwan ya kasance yana ɗan motsi ne kawai, ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Idan kika ji kwano yana ƙwanƙwasa tukunya, wuta ta yi yawa. A haka ƙananan kofuna suna nuna cikin minti 15 zuwa 20, babban kwano kuma minti 35 zuwa 45. Mai madambaci ma za ta iya amfani da shi, sai dai ta ƙara rage wuta, tunda a can tururi ne zalla ke aiki.

Irin wutar ma da magana. Ƙaramar tukunyar gaz ɗin nan ta kilo 6 mai kai a sama, harshenta yana da ƙarfi, idan aka rage sosai kuma iska ta kashe shi. Ki ɗora tsohon faranti na ƙarfe ko murfin tukunya tsakanin wutar da gindin tukunyarki, ya raba zafin. Gawayi ni a wurina ya fi daɗin sha'ani a wannan aikin, in dai an bari ya ci ya faɗa, garwashin ya yi farar toka a sama. Bayan an gama tuwon dare, ragowar garwashin nan da ake barinsa ya mutu a banza ya isa ya nunar da flan guda, ba tare da kin ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Ta wajen laushi, idan an kiyaye wuta, na tukunya ya fi santsi da taushi, saboda samansa ba ya bushewa. Na fur yakan yi 'yar fata a sama, wani lokaci har ta yi ja-ja, jikinsa kuma ya fi ɗan tsayawa, yana yankuwa tsaf da wuƙa. Fatar ba ta dame ni ba tunda idan an kife ƙasa take komawa. Ta wajen ɗanɗano ban taɓa samun wanda ya bambance su da ido rufe ba.

Inda fur ya yi wa tukunya fintinkau shi ne yawa. Idan suna ne ko walima, ko mai sayarwa ce da ke son kofuna ashirin a tashi ɗaya, faranti guda ya ɗauke su, duk su nuna tare. A tukunya sai kin yi zubi uku ko huɗu kina tsaye. Amma fa fur ɗin ya zama na kirki. Da yawan waɗanda ke gidajenmu na gaz ne marasa ma'aunin zafi, wutar daga ƙasa take bugowa, bayansa ya fi gabansa zafi, sai ki ga gefe ɗaya ya yi huji ɗayan bai kama ba. Na lantarki kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, ƙwai da madara suka zauna cikin ɗumi-ɗumi na awa biyu, ba na ba kowa shawarar ya ci. Ga kuma zafin gari. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Maradi ke haura digiri 40, kunna fur na awa guda a cikin ɗaki azaba ce, alhali tukunya a tsakar gida za ki ajiye ta ƙarƙashin inuwa.

Kwano kuwa, na silba ko na alminiyom ya dace da duka biyun. Na roba kada ki kusanta da narkakken sukari. Kwanon tangaran ko na gilas mai jure zafi ya fi dacewa da fur, a tukunya yana jan lokaci.

Bari in taɓo madara, don na san tambayar da za ta biyo baya ke nan. Madarar gari irin su Nido tana yi sarai: giram 65 a ruwan ɗumi ya cika rabin lita, a dama har gudaji su ɓace. Madarar shanu sabuwar tatsa ta fi kowacce gardi, da sharaɗin a tafasa ta a tace, a bar ta ta huce. Nono mai tsami ba ya yi, tsinkewa zai yi a wuta. Akwai kuma hanyar mutanen Meziko da Burazil, masu amfani da madarar gwangwani mai kauri mai sukari, ta kusan giram 400. Ana juye gwangwani guda, a cika shi da madara sau ɗaya ko sau biyu a ƙara, a sa ƙwai 3 ko 4, ba a ƙara sukari ko kaɗan. Wannan ya fi nauyi da zaƙi, kuma ya fi jure wuta, don yawan sukari yana ɗaga zafin da ƙwai ke kamawa. Ga mai koyo a tukunya shi ne mafi sauƙin samu. Ni dai na fi son na Faransawa, wato haɗin da na ba ki tun farko, mara nauyi, wanda mutum zai sha bayan buɗa baki bai ji ya ƙosa ba.

Garin kastad na gwangwani da ake shigo da shi daga Najeriya wani abu ne daban, kada a haɗa su. Garin sitacin masara ne da kala da ƙamshi, babu ƙwai a ciki. Wani Bature mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai. Yana da daɗinsa, amma ba ya kifuwa ya tsaya da ƙafarsa.

Da damina, lokacin da ƙwan zabi ya cika gari ana yawo da shi a tire, ki gwada da shi. Ya fi na kaji ƙanƙanta, don haka 6 ne a madadin 4, kuma kwaiduwarsa tana ba flan kala mai kyau. Sai dai ki fasa kowanne a kofi daban kafin ki zuba cikin sauran, don guda ɗaya da ya kwana biyu a rana ya isa ya ɓata miki kwano gaba ɗaya.

Gane nuna iri ɗaya ne a duka hanyoyin. Ki girgiza kwanon kaɗan: gefe ya tsaya, tsakiya tana ɗan rawa. Ki soka bakin wuƙa kusa da tsakiya, idan ta fito ba ruwan madara a jikinta, ya yi. Kada ki jira tsakiyar ta yi tauri a kan wuta, sauran kamawar a wajen hucewa take. Ki fitar da shi daga ruwan zafin nan da nan, ya sha iska, sannan ya shiga firigo, wato firji, aƙalla awa 4. Kwana ya fi, domin a wannan zaman ne sukarin da ya daskare a gindi yake jan danshi ya narke ya zama ruwan da ke kwarara. Wadda ta kife shi da ɗumi za ta tarar da rabin sukarin manne a kwano, flan ɗin kuma ya baje. In babu firigo, ko wuta ba ta zauna ba, ki rufe kwanon da kyau ki sa a kula da ƙanƙara, kuma a shanye shi a ranar. Da zafin nan namu kada ya wuce awa guda a waje, a firigo kuma kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa.

Wajen kifewa, ki zagaya gefen da siririyar wuƙa, ki tsoma gindin kwanon a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, ki ɗora faranti mai ɗan zurfi a baki, ki juya gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba. Ƙanwata, a gwajin da za ki sake ki fara da rabin haɗin, ƙwai 2 da rubu'in lita na madara, a ƙananan kofunan silba huɗu. Ki ciro ɗaya a minti 15 ki duba, sauran ki ƙara musu minti biyu-biyu, a nan za ki gane lokacin da ya dace da tukunyarki da wutarki. Idan kin yi, ki turo mana hoton yankan ta gefe mu gani.