Ɗakin masu duba damuwar yara a asibitin unguwarmu, abin da na gani cikin wata takwas

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ga yarinyata ta koma makaranta mata ke tare ni, wata a bakin famfo wata a gidan suna, kowa da murya ƙasa ƙasa, Hajiya ina kika kai ta ne, wane malami ne ya yi aikin. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Sai da na tambaye ta, ta ce Mma ki rubuta amma kar ki sa sunana, to ba zan sa ba, sunan asibitin ma na bar shi saboda ina da ƙorafi a kansu. Ƙaramin asibitin gwamnati ne, daga Aboabo a nan Kumasi pragya ɗaya, wato keke mai ƙafa uku, ke kai mutum, can baya bayan wajen awon ciki akwai ɗaki guda na masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, shekara nawa ina wucewa ta ƙofar ban taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba.

Shekararta 15, tana aji uku na JHS, wato ƙaramar sakandare, ana shirin jarrabawar fita ta BECE babanta ya rasu. Duk mun yi kuka mun haƙura, ita ce ba ta yi kukan ba, har ana yaba mata wai yarinyar nan akwai tawakkali. Bayan arba'in sai barci ya ƙaurace mata, ƙarfe uku na dare in farka in gan ta zaune bakin katifa tana kallon bango, kokon safe ta riƙe kofin har ya huce ta ajiye, ƙawaye su zo ta ce a ce ba ta nan, makaranta kuma kullum ciwon kai. Sau biyu muna yin gwajin maleriya babu komai. Kakarta ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya aka sha rubutu aka yi hayaƙin habbatussauda, kuma ni har yau ban raina addu'a ba, amma malamin da kansa, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ce min Hajiya mu ci gaba da addu'a amma ki kai ta asibiti, wannan baƙin ciki ne ya danne ta.

Wata biyu na yi ina jan ƙafa, wlh tsoro ne. A kaina in an ce ƙwaƙwalwa to sai manyan asibitocin masu taɓin hankali, Ankaful ko Pantang ko wancan tsohon na Accra da ke nan tun 1906, a ɗauke maka yaro a kulle, zango kuma duk ya ɗauka, gobe in maganar aure ta taso a ce ai ta taɓa. Ashe tun dokar Ghana ta 2012, wadda ta kafa hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, tsarin shi ne a riƙa duba mutum kusa da gidansa yana cikin danginsa, shi ya sa ake ajiye nas nas ɗin nan a ƙananan asibitoci.

Ranar farko Madam nas ɗin ta fi awa ɗaya da mu. Ba ta taɓa biro ba sai da ta gama ji. Ta ce in faɗi nawa, na faɗa, sannan ta ce Hajiya ɗan ba mu wuri, na fito na zauna kan benci raina a ɓace, me 'yata za ta faɗa wa baƙuwa da ba za ta faɗa min ba. Can sai na jiyo kuka, kukan da ba a yi ba tun ranar jana'iza, irin mai shessheƙa har numfashi na sarƙewa, ni ma na ja mayafi na rufe fuska. Da aka kira ni yarinyar da bakinta ta faɗa, ranar da ciwon babanta ya tashi ya aike ta kemis ta tsaya hira a hanya, tun ranar take ɗauka ita ta kashe shi, wata biyar tana ɗauke da wannan ita kaɗai muna kwana ɗaki ɗaya ban sani ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne Madam ta tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin ta cutar da kanta, ta ce eh, tana cewa da ma ta bi Baaba. Jikina ya yi sanyi, har na fara roƙo kar a kai maganar ga 'yan sanda, sai ta kwantar min da hankali ta ce ai tun 2023 majalisa ta cire wannan daga cikin laifuka, mai irin wannan tunanin mara lafiya ne da ke buƙatar kulawa. Ta ce in kwashe duk wani magani da ke ɗaki har da na ɓera da na sauro in sa a kulle, kar a bar ta ita kaɗai, kuma in riƙa tambayarta ba kwana kwana, tambaya ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Ta rubuta mana takarda zuwa Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, likitan can ya duba ta sosai ya sa ta kan magani kaɗan, ya mayar da mu wajen Madam don bibiya.

Inda suka saye ni gaba ɗaya shi ne zuwa gida. Na ce mata don Allah kar ta zo da kayan aiki maƙwabta su gani, sai ga ta cikin atamfa da 'yar jaka kamar mai zuwa gaisuwa, ta zauna kan tabarma ta ci waakye da mu, ta sa aka kira kaka da yayan yarinyar. Shi yayan kullum faɗa yake mata wai lalaci ne da son jiki, Madam ba ta zage shi ba, aiki ta ba shi, ya riƙa raka ta makaranta da safe, kuma a nan ne ta lura shi ma ba daidai yake ba tun rasuwar, ta ja shi gefe ta yi masa maganar tramol da abokan da yake zama da su a bes, wato majalisar samari. Ta je makaranta ma ta ga hedimasta aka sassauta wa yarinyar ta fara da rabin yini.

To yanzu ƙorafina. Ɗaki ɗaya ne, katako ne ya raba shi da na kusa, wanda ke kan benci yana jin komai, ni kaina na ji sirrin wasu ba da so na ba, kuma an manna allo ƙato a ƙofar, duk wanda ya gan ka zaune ya san me ya kawo ka. Yarinya budurwa haka ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, sau ɗaya ta hango 'yar ajinsu ta juya sai da na bi ta har bakin titi. Su biyu ne kawai a wurin, ranar da ɗaya ta fita zagayen gidaje sai ka wuni. Magani kuma sau uku ana ce mana ya ƙare mu je kemis mu saya, alhali ana cewa kyauta ne, kuma tun ƙarshen 2024 aka sa ciwon damuwa cikin abin da katin inshora ke ɗauka. Ni ina da ɗan shago na iya saya, wadda ba ta da shi fa, kuma irin maganin nan an ja mana kunne ba a tsayar da shi kwatsam. Duk da haka ku sabunta katinku kafin ku je, ta waya ma ana yi da momo, wato kuɗin waya.

Sai harshe. Madam 'yar ƙabilar Asante ce, Hausarta ba ta wuce sannu da yaya jiki ba, ni da yarinyar muna jin Twi, amma kaka sai da na zama tafinta, kuma akwai maganar da in ta bi ta bakin wani ta rage nauyi. Ina ma 'ya'yanmu na zango za su shiga karatun nan, a Kintampo ana koyar da shi, Pantang da Ankaful ma akwai makarantar nas ɗinsu, kullum sai kowa ya ce ungozoma zai karanta.

Ba zan ce ta warke sarai ba, akwai ranakun da take tashi shiru, amma tana barci tana ci, ta rubuta jarrabawarta, shekaranjiya ma na jiyo ta tana yi wa ƙaninta tsiya a kan caja. Yanzu wata wata muke zuwa. Talata ta sama muke da layi, duk wadda ke jin nauyin shiga ƙofar nan ita kaɗai ta same ni a shago da safe mu tafi tare, ba wanda zai ji daga bakina.