Hattara da mai sayar da harsashin cike da sunan na soja

Jama'a, duk mai tsohuwar bindigar sojan Ingila ƙirar Lee-Enfield da ke cin harsashin da ake kira .303 ya saurare ni. Akwai wani mutum da ke talla a intanet, wai yana da ragowar harsasan sojan Ingila da ba a taɓa buɗewa ba. Ƙarya yake yi. Kwanson da aka riga aka harba yake tsincewa, ya cika da hannu, ya goge har ya yi ƙyalli, ya jera a tsohon kwali.

Na saya, kuma Allah ne ya kiyaye. A filin gwaji harbi na farko ya tafi lafiya. Na biyu sai da na sa ƙarfi kafin sakatar bindigar ta buɗu. Na huɗu kuwa wata 'yar ƙara ya yi, fus, ko kafaɗata bai taɓa ba. Na zare sakata na leƙa bututun, ban ga haske ba: kan harsashin ya maƙale a tsakiya, don albarushin da aka zuba bai kai ya fitar da shi ba. Da na ɗana wani na bi bayansa, da bututun ya kumbura ko ya tsage a hannuna.

Mai gyaran bindiga ne ya juye sauran a kan tebur, ya ce, "Malam, duba gindinsu." Tambari iri huɗu a kwali guda, masana'antu daban, shekaru daban. Kayan soja na gaskiya da aka rufe tare tambarinsu ɗaya ne. Ya kwance guda uku ya auna kan harsashin: biyu faɗinsu inci .308, alhali bututun wannan bindiga, duk da sunan .303, kai mai faɗin .311 zuwa .312 yake so. Nauyin ma bai yi kusa da giren 174 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne) na samfurin harsashin Mk VII da Ingila ta fara amfani da shi a 1910 ba, wanda shi mai tallar ya ce yana sayarwa. Albarushin kuma kowane kwanso da nasa kalar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani siririn zobe mai haske da ya nuna mini a sama kaɗan da gindin wasu kwanson. Sakatar Lee-Enfield daga baya take kullewa, ɗakin harsashinta kuma yana da yalwa, saboda haka kwanso yana miƙewa duk lokacin da aka harba. In aka maimaita cika shi, wurin nan yakan sirance har ya yanke, iskar wuta ta dawo ta wajen fuskar mai harbi. Wanda ya san sana'ar cike zubar da irin wannan kwanso yake yi, shi kuwa wannan bawan Allah ya saka mana su a kwali.

Cike ba laifi ba ne in mutum ya yi wa bindigarsa, da ma'auni da rubutu, bisa dokar inda yake. Ha'incin shi ne ɓoyewa. Da na tuntuɓi mai tallar sai ya ce bindigata ce ta tsufa, washegari ya toshe ni ya sauya suna.

In kun riga kun saya, kada ku harba ko ɗaya, kada kuma ku sayar wa wani don ku fanshe kuɗinku. Ku kai wa mai gyara mai lasisi ya kwance su, ku adana hoton tallar da saƙonnin da kuka yi da shi, ku miƙa wa hukuma.