Agogon aljihu ko zobe: wanne ya fi daraja a kayan tarihin besbol?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: tsakanin tsohon agogon aljihu da ake bai wa zakarun besbol a Amurka da zoben zakaru, wanne ya fi tsada, wanne kuma ya fi sauƙin gane na gaskiya?

Malam, agogon ne gaba a shekaru. An fara gasar World Series, wadda ke fitar da zakaran besbol na shekara, a 1903, kuma a farkonta abin da zakaru ke samu shi ne lambar yabo, ko fil na maƙalawa a riga, ko agogo. Ƙungiyar New York Giants ce aka fi sani da fara karɓar zobe, a 1922. Da Yankees suka ci kofinsu na farko a 1923, agogon aljihu aka ba su, ƙirar Gruen mai kusurwa biyar, na zinariya karat 14. A 1928 ma agogon hannu na Hamilton suka samu. Daga baya zobe ya kore sauran duka.

A kasuwa zobe ya fi. Agogon 1923 na Babe Ruth, shahararren ɗan wasan Yankees, an yi gwanjonsa a 2014 kan dala 717,000, zobensa na 1927 kuwa ya haura dala miliyan 2 a 2017. Mutum ɗaya ne, don haka bambancin na masu saye ne: zobe suka taso suna gani a hannun zakaru. Amma a duka biyun ba zinariyar ake saye ba. Sunan da aka zana da takardun da ke nuna hannun da kayan ya bi su ne kuɗin. Agogon Ruth, shi da kansa ya bai wa abokinsa Charles Schwefel, har aka ƙara zana sunan abokin a jiki.

Wajen tantancewa agogo ya yi wa zobe nisa, domin yana ɗauke da shaidarsa a ciki. Buɗe murfin baya, ka duba lambar da ke jikin injin, ba ta jikin murfi ba. A wancan zamani wani kamfani ke ƙera inji, wani ke ƙera gidan, lambobinsu daban. Lambar injin kamfanin Elgin, Waltham ko Hamilton tana nuna shekarar ƙira a jadawalin da masu tara agogo ke amfani da shi. In rubutun ya ce 1910 amma injin na 1925 ne, ko dai an sauya injin ko ƙarya aka zana. Duba kuma bakin gidan daga ciki: tabon kusoshi fiye da na injin da ke ciki alama ce wani inji ya taɓa zama a wurin.

Sai hatimin ƙarfe. 14K na nufin kashi 58.5 cikin ɗari zinariya ce. In ka ga Guaranteed 20 Years, tagulla ce aka lulluɓe da zinariya, kuma takan leƙo a gefen da yatsa ke gogawa.

Rubutun kuma a sa masa madubi mai ƙara girma sau 10. Zanen hannu zurfinsa ba ɗaya ba ne, bakinsa ya dakushe da shekaru, ƙananan karce sun ratsa ta kansa. Sabon zane yana ƙyalli, bakinsa da kaifi, shi ne ke yanke tsohon karce. Wannan ita ce dabarar 'yan damfara: su sayi tsohon agogo na gaske da araha, su zana masa sunan ɗan wasa.

Zobe ba shi da inji, sai hatimin maƙera da suna a ciki. Akwai na samfur da kamfani ke yi wa dillalansa, akwai na ma'aikatan ofis, akwai kwafi. In an taɓa rage shi ko faɗaɗa shi, sau da yawa yankan kan ci wani ɓangaren sunan.

A ajiya kam zobe ba ya wahalar da kowa. Agogo shi ne mai laulayi. Kada a murɗa kansa don a ji ko yana tafiya: man ciki ya bushe, haƙoran da sandunan za su ci juna, tsohon sifirin kuma yana iya tsinkewa. Faɗuwa ɗaya kan karya siririn sandan da ke riƙe da ƙafar da ke lilo, domin agogon lokacin ba su da kariyar girgiza. Fuskar tangaran in ta tsage ba ta komawa. Babbar ɓarna kuwa ita ce kai shi a goge ya yi ƙyalli, don injin goge yana cinye rubutun da ake biyan kuɗi dominsa. Mai gyara ya wanke inji, ya sa mai, ya maido maka duk abin da ya cire, gidan kuma ya bar shi yadda yake.

In sayarwa da wuri kake hange, zobe. In kana son abin da za ka iya bin diddiginsa da idonka, ɗauki agogo, amma kada ka biya sai lambar inji da rubutu da takardun gado sun yi magana ɗaya.