Aku na bango: wanne za ka saya, wanne za ka guda

Tun da na daina sha'awar ajiye aku a keji na koma neman zanensa na ratayewa a bango. A 2016 aka saka aku mai ruwan toka da jan wutsiya a rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A wannan shekarar IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta lissafa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa. Shi ɗan kurmin kudu ne, ba na savanarmu ba, kuma kafin ɗaya ya iso kasuwa da rai, 'yan'uwansa da yawa sun mutu a hanya. Zanensa kuwa bai cin gyaɗa, bai mutuwa.

Abin da zan ce ka saya shi ne zanen hannu da fenti a kan yadi, daga mai zanen da za ka iya zuwa ka tsaya a kansa. Akwai su a Birnin Kebbi da Argungu, yawancinsu masu rubuta allon shago ne da zanen bayan mota, amma hannunsu na faɗa. Ka kai masa hoto, ku yi ciniki, ka ba da rabi. Ka lura da idon tsuntsun: na babban aku fari ne mai ɗan rawaya, da farar fata kewaye da shi, baki kuma baƙi. In ka ga jan baki da doguwar wutsiya a jikin kore, wannan tsirya ce, tamu ta nan, mai ɓarnar dawa. Ni ma ita na sa aka zana min ta biyu, don yara su san tsuntsun ƙasarsu. A sa firam da gilashi saboda ƙurar hunturu.

Fosta ta inji arha ce, amma zafin Maris ɗaya ya isa ya koɗar da ita. Na sassaƙen itace ban ɓata lokaci ba, gidajenmu da yawa ba a ajiye mutum-mutumi, ga gara.

Yanzu inda aka cuce ni. Wani ya sayar min da "zanen hannu" a wajen bikin kamun kifi, yana rantsuwa wai kashi na kuɗin na zuwa ga masu kare tsuntsaye. Da na zo gida na haska fitilar waya, sai ga ɗigo-ɗigon inji, an ɗan shafa fenti a fukafukai kawai. Don haka shafa da yatsa, ka ji tudun burushi ko'ina, ba wuri ɗaya ba. Juya bayan yadin ka duba. Duk wanda ya ce yana taimakon tsuntsaye, tambaye shi sunan ƙungiyar da rasit. In ya fara kame-kame, ka yi gaba. Akwai Nigerian Conservation Foundation da aka kafa a 1980, akwai World Parrot Trust ta Ingila tun 1989. Mai son bayarwa ya tura musu da hannunsa, ya biya mai zane haƙƙin aikinsa daban.

Mafi muni shi ne wanda aka manna wa jan gashi a wutsiya, a ce maka "na gaske ne, Alhaji". In ƙarya ne, gashin kaza aka rina, an ci kuɗinka. In gaskiya ne, to daga jikin aku aka fige shi, kuma kai ka biya kuɗin figar na gaba. Na taɓa jiƙa yatsa na murza irinsa a gaban mai shi, yatsana ya fito ja zur.