Farin Air Force 1 ko baƙin Converse, da irin zargiyar igiyar da ta dace da kowanne

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuɗin hannunka na kambas ɗaya ne tak, kana wasi-wasi tsakanin farin Air Force 1 na fata da baƙin Converse na yadi. Ka kuma tambayi wace zargiyar igiya ta fi, ta gicciye da muka saba ko mai layi-layi da samari ke yayi yanzu. Allah ya sanya albarka a karatun. A ganina abu biyu ne za su raba maka gardama a Katsina: ƙurar hunturu, da yawan cire takalmi da mai da shi saboda alwala da salla.

Takalman biyu dukansu don ƙwallon kwando aka fara yin su a Amurka. Converse All Star ya fito tun 1917, Air Force 1 kuma Nike ta fitar da shi a 1982. Tun 2003 ma Nike ɗin ce ta saye kamfanin Converse. Wannan tazarar shekaru kana jin ta a ƙafa. Converse yadi ne da siririyar roba a ƙasa, ba nauyi, amma duk tsakuwar da ka taka sai ta gaisa da tafin ƙafarka. Air Force 1 ƙasansa kauri gare shi, da iska a cikin dunduniya, ga shi yana ƙara wa mutum ɗan tsawo. Sai dai akwai nauyi, kuma a zafin Afrilu da Mayu ƙafa dahuwa take yi a ciki. Converse yana da 'yan huji biyu a gefen ciki da ke shigo da iska, kuma yadi kansa yana numfashi.

A batun ƙura kuwa fata ta yi gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya ka taka da ƙafa, takalminka ya canza kala. A fata ƙurar sama take zama, jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu sun ishe ka, minti biyu ka gama. A yadi ratsawa take yi cikin zare, baƙin ya koma toka-toka, dole sai an sa buroshi da ruwa. In kuma ka shanya shi a tsakar rana, baƙin ya koɗe ya yi ja-ja, gam ɗin da ya riƙe robar gefe ya saki daidai inda yatsu suke lanƙwashewa. A inuwa ake shanya shi, a cusa masa takarda a ciki ta tsotse ruwan. Da damina ma haka: fata tana kore yayyafi, yadi kuwa nan take safa ta jiƙe.

Amma duk wannan yabon ga fata ta gaske nake yin sa. Da yawan fararen da ake jerawa a shaguna roba ce aka shafa wa yadi ta yi kamar fata. Wata biyu zuwa uku a ranar Katsina sai ka ga saman yatsu ya tsattsage, daga nan ya fara ɓarewa kamar bawon albasa, kuma babu mai gyaran takalmin da zai iya mai da shi. Jabun Converse ya fi jabun Air Force 1 mutuwa da mutunci, don yadi ko na banza ne ba ya ɓarewa, in robar ta saki a liƙe ko a ɗinke maka a bakin titi. Saboda haka in kuɗin ba su kai na gaske ba, na fi son ka nemi ɗan gwanjo mai lafiya a Babbar Kasuwa, ko ka sa a duba maka a Ƙofar Wambai in kana da mai zuwa Kano.

Wajen sutura, Air Force 1 ƙato ne, yana son wando mai ɗan faɗi, jins ko na yadi, wanda zai sauka ya zauna a kansa. Da matsattsen wando ƙafa ce kaɗai za a riƙa gani. Converse siriri ne, yana shiga da kusan duk ƙananan kaya. Da manyan kaya fa? Da yadi mara aiki, ɗinkin da ya tsaya a gwiwa, farin na fata yana yin kyau ƙwarai in yana da tsabta. Da shadda mai aiki ko babbar riga ranar Juma'a, ajiye su duka ka sa takalmin fata irin namu.

Sai igiya. Gicciye ita ce wadda takalmi yake zuwa da ita: kowane baki ya haye zuwa hujin da ke gaba a ɗaya gefen. Amfaninta, ja ɗaya za ka yi ta matse tun daga ƙasa, in ka sassauta ta saki gaba ɗaya. Mai layi-layi kuwa ga yadda ake yin ta. Ka zura bakunan biyu daga waje zuwa ciki a hujin ƙasa. Na hagu ya bi ta ciki ya fito a huji na biyu na gefensa, ya haye kai tsaye zuwa dama. Na dama ya bi ta ciki ya tsallake huji ɗaya, ya fito a na uku, ya haye zuwa hagu. Daga nan kowanne ya riƙa tsallake ɗaya har sama. Kafin ka fara, ƙirga hujin gefe guda. In shida ne ko takwas, za ta fita daidai. In bakwai ne, bakunan biyu za su haɗu a gefe ɗaya, sai dai ka bar hujin sama ba ka zura ba. Ba ta cin igiya kamar gicciye, don haka ragowar za ta yi tsawo, sai ka cusa ta ƙarƙashin harshe. Kuma da igiya mai faɗi ake yin ta, zagayayya murɗewa take yi ta ɓata layin.

Kyau dai tana da shi, musamman farar igiya a kan baƙin Converse. Matsalarta ita ce ba ta ja da sauri, sai ka bi layi ɗaya bayan ɗaya kana sassautawa. Kai kuwa Azahar da La'asar a makaranta za su riƙa samun ka, ga alwala, ga sahu ana tayarwa. Abin da gaggawa ke sa samari yi shi ne take bayan takalmin su shige masallaci, kuma abin da ke kashe kambas kenan. Da zarar dunduniyar Air Force 1 ta karye, ba ta sake miƙewa. Na fi ba ka shawarar gicciye a sassauce: ka zarge har huji na kusa da ƙarshe, ka yi ɗan ƙulli a bakin kowace igiya don kada ta zame, ka bar ta yadda ƙafa za ta shiga in ka riƙe harshen da hannu. Air Force 1 yana karɓar wannan sosai, don jikinsa tsaye yake. Converse yana da laushi, in ka sassauta shi da yawa sai ya riƙa fita a tafiya, shi gara ka ɗaure shi.

Ka kuma riƙa tsane ƙafa kafin ka mai da safa bayan alwala, musamman a na fata, in ba haka ba wari ba ya jimawa. Farin kuma ido yake ja a ƙofar masallaci, ka shiga da shi a leda in da hali.

Da ni ne kai, in na samu Air Force 1 na fatar gaske, sabo ko ɗan gwanjo, shi zan ɗauka, in yi masa gicciye a sassauce. In jabu kawai kuɗin za su saya, baƙin Converse gajere, ba mai dogon wuya ba, don mai wuyan sai ka kwance kusan rabin igiyar kafin ƙafa ta fita. Ka je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Ka danna saman yatsu da babban yatsanka: fata tana yin 'yan ƙananan tamoji ta koma, roba kuwa lanƙwasa ɗaya take yi mai kaifi. Ka gwada ƙafa biyun duka, don a gwanjo ana haɗa masu lamba daban.