Na'urar Daidaita Ɗinki a Keke Mai Dogon Hannu: Aikinta Ya Yi, Amma Tayarta Ba Ta Shiri da Ƙura

Keken ɗinki mai dogon hannu, irin wanda ake ɗinka bargo mai hawa uku da shi a Amurka, wato yadin sama da auduga a tsakiya da yadin ƙasa, ba shi da haƙori. Telan da ya saba da keken gida sai ya fara riƙe wannan. A keken da muka sani, haƙori ke jan yadi, shi ke yanke tsawon kowane ɗinki. A nan kuwa yadin a ɗaure yake jikin gado mai tsawon ƙafa 10 ko 12, kan keken ne ke yawo bisa tayoyi, hannun mai ɗinki na tura shi. In ka yi sauri ɗinki ya yi tsawo, in ka yi sanyin hannu allura ta yi ta sukar wuri ɗaya. Aikin na'urar daidaita ɗinki shi ne ta auna gudun hannunka, ta ƙara wa injin gudu ko ta rage, yadda in ka sa mata suka 12 a kowane inci, 12 ɗin za ka samu ko a miƙe ko a kwana.

Bayan dogon amfani da irin na'urar nan mai ƙananan tayoyin auna tafiya, hukuncina shi ne ta ci kuɗinta. Ɗinkin fure da ganye yana fita daidai wa daida, kuma sabon hannu yana samun aiki mai tsabta tun kafin hannunsa ya zauna. Inda take da rauni shi ne duk wannan basira ta rataya ne a kan ƙananan tayoyi biyu masu zoben roba, waɗanda ke birgima a fili inda ƙura da burbushin auduga ke sauka. Yawancin abin da ake cewa "kwamfutar ta lalace" ba ya wuce nan.

Tayoyin nan su ake kira enkoda. Ɗaya na jikin kurar da ke ɗauke da kan keken, tana bin dogon da ke kan gado, ita ke auna tafiyar hagu da dama. Ta biyu na jikin kan keken, tana bin dogon da ke kan kurar, tana auna gaba da baya. Kowace tana juya wani ɗan faifai a ciki, idon haske na ƙirga juyinsa, waya na kai lissafin ga allon lantarkin da ke sarrafa injin. Akwai tsarin da ba ya amfani da taya, kamar BSR na kamfanin Bernina da ke karanta motsin yadin kansa da idon haske. Shi tasa tsabtar ta goge idon ce.

Kafin a taɓa sukudireba, a fara rabe dogon ɗinki da tsallake, domin daga nesa kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa ya sha bamban. Ka sunkuya ka dubi ƙarƙashin dogon zaren da kyau, da fitila in ta kama. In ka ga ramukan allura biyu ko uku a jere a yadin amma zare ya haye su bai kama ba, allura ta sauka a kan lokaci ke nan, ƙugiyar da ke kama zare a ƙarƙashin farantin allura ce ba ta ɗauki zare ba. Wannan tsallake ne, na'urar ba ta da laifi. In kuwa yadin sumul yake babu rami ko ɗaya tsakanin farko da ƙarshen zaren, to injin ne bai san ka motsa ba, a nan ne za a tuhumi enkoda.

Gwajin da na fi yarda da shi na takarda ne. Zare zaren sama, cire kwarkwaro, ɗora farar takarda a kan yadin gwaji ka maƙale ta da fil. Sa na'urar a suka 10. Ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama, wani daga baya zuwa gaba, sannan ka yi da'ira mai faɗin tafin hannu. Ɗaga takardar zuwa haske, ɗora ruler ka ƙirga ramukan. Da'irar ce ke tona asiri: in ramukan sun yi nisa da juna a samanta da ƙasanta, inda tafiyar ta kwanta, enkodar hagu da dama ce ke da matsala. In a gefe biyu ne suka buɗe, ta gaba da baya ce. In duk zagayen ya lalace, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, wato wayar da ta haɗa su, ko mazauninta a jikin allo, ko saitin da aka sa. Kekuna da yawa suna da shafin gwaji a allonsu wanda ke ƙara ko nuna lamba duk lokacin da taya ta juya. In ka tura keken a hankali ƙarar ta yanke ta dawo, ka kama wurin.

Da an san tayar, sai a kashe wuta a duba ta da ido. Tura keken sannu kana kallonta. Dole ta juya tun daga motsin farko, ba ta ja ciki a kan dogo ba. Burbushin auduga kan naɗe a gindinta kamar zare a dunƙule, sai a cire shi da hantsaki. Zoben robar kan bushe ya tsage, ko ya lotsa gefe ɗaya in keken ya daɗe a ajiye wuri guda, ko ya yi santsi saboda mai ya ɗiga a kan dogo. Wannan na ƙarshe yana yawan faruwa ga masu kirki da ke son keke ya yi laushi, su shafa wa dogo mai. Dogon nan ba ya son mai ko kaɗan. A goge shi da tsumma marar gashi da ɗan sipirit, a goge zoben, a bar su su bushe. Sai a ɗaga tayar da yatsa a sake ta: sifirin da ke danne ta ya kamata ya mayar da ita kan dogo nan take. In ta tsaya a sama ko ta sauko a kasalance, ko dai notin da take lilo a kansa an ɗaure shi ya wuce kima, ko sifirin ya saki.

Akwai wani laifi ɗan ƙarami mai cin rai. Tayar na juyawa lafiya lau, amma ɗan sukurun da ya riƙe ta jikin sandar enkoda ya kwance, sai taya ta yi ta juyi sanda na tsaye. Ido ba ya kama wannan sai an ɗiga alamar biro a kan sandar an ga ko tana juyawa tare da tayar. Ƙaramin alanki ya isa gyara shi.

In matsalar a wuri ɗaya take faruwa kullum, manna ɗan salatif a gadon daidai inda ɗinki ke buɗewa. Ka sake wucewa sau uku. In duk a nan ne, dogo ne: mahaɗar da aka haɗa gaɓa biyu ta buɗe, ko gadon ya lotsa a tsakiya har tayar na rabuwa da dogo na ɗan lokaci. A ɗora ma'aunin ruwa na magina a kan dogo, a daidaita ƙafafun gadon ɗaya bayan ɗaya. Keken da aka saki ya gangara da kansa shaida ce cewa gado bai zauna ba.

Waya kuma a bi ta da yatsa daga kai har gindi. Takan shiga ƙarƙashin tayar kura ta tauna ta, takan kuma ja ta yi tsam idan keke ya kai ƙarshen gado, sai fulogin ya ɗan zame. Kada a cire ko a mayar da fulogin enkoda wuta na kunne. In enkodojin biyu iri ɗaya ne, a musanya wayoyinsu a jikin allo, a duba shafin gwaji: in laifin ya koma ɗaya ɓangaren a shafin, to enkoda ce ko wayarta, in ya tsaya inda yake, sai a fara zargin allon.

Wani lokacin na'urar lafiyarta ƙalau, hannu ne ya fi ƙarfinta, kuma lissafin a fili yake. Injin da iyakarsa suka 1,800 a minti, in an sa shi a suka 12, ba zai iya bin hannun da ya wuce inci 150 a minti ba, wato inci biyu da rabi a daƙiƙa. Mai 2,500 zai kai kusan inci uku da rabi. Da ka wuce haka, musamman a dogon lanƙwasa inda hannu ke sakin jiki, ɗinki zai buɗe dole. Ƙarar gargaɗin da wasu ke kashewa don ta dame su, wannan take faɗa. Ko a rage hannu, ko a sauko zuwa suka 10.

Saiti ma na da nasa. Keken kamfanin Handi Quilter, alal misali, na da yanayi biyu: Precision, inda allura ke tsayawa cak da ka tsaya, da Cruise, inda take ci gaba da suka a ɗan gudun da ka zaɓa ko keke bai motsa ba. In gudun Cruise ya yi yawa, zare kan taru ya yi ƙulli a kowace kusurwa da ka ɗan dakata. In ya yi kaɗan, ɗinkin farko bayan tashi kan yi tsawo. Ga aikin ruler, wato ɗinkin da ake yi ana bin gefen ruler, na fi son Precision. Ga ƙananan zagaye da ake cika fili da su, Cruise ya fi santsi. A kuma duba ko an manta keken a saitin dogon ɗinkin riƙe yadi, wanda ake yi kafin ainihin aiki.

In gwajin takarda ya fito tsaf amma da zare ana tsallake, a koma ga allura. A sa sabuwa, lamba 16 ko 18 gwargwadon kaurin zare, a tura ta har ƙurya, dogon kwarinta na kallon mai ɗinki. Ƙafar keken in ta sauka ƙasa, ratarta da farantin allura ya zama kamar kaurin katin kasuwanci; in ta yi sama da yawa, yadi na bin allura ya ɗago, madaukin zaren ba ya samuwa. Kuma kada a ɗaure bargon ya yi tauri kamar fatar kalangu. Ka turo yatsa daga ƙasa, ya kamata ka iya kama gaɓarsa ta farko daga sama.

Ga wanda zai yi aiki da keken a ƙasarmu, abu biyu sun ƙaru. Ƙurar hunturu tana kwanta a dogo cikin yini ɗaya, don haka gogewa kafin kowane aiki ce, kuma a rufe keken da yadi in an tashi. Busasshiyar iskar lokacin na tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙarfe, wadda kan sa allo ya daskare ko injin ya zabura. Soket mai atin na gaskiya, wato mai wayar da ke sauke wuta ƙasa, yana rage wannan. Sai wutar kanta: a karanta lambar da ke bayan injin kafin a jona, domin wanda aka yi don 120 na Amurka kaɗai ba zai ɗauki 230 namu ba sai da taransifoma, kuma wutar janareta mai hawa da sauka sai an bi da ita ta sitabilaiza. Tun wajen saye a haɗo da zoben roba huɗu ko shida da wayar enkoda guda ta ajiya, a sa zoben a leda a rufe nesa da rana, don zafi na busar da su tun ba a ɗaura ba.