Sharhi Kan Modem Na Layin Waya Iri Uku

Duk wanda aiki ya tilasta masa neman modem na layin waya a yau, wato na'urar da ke mai da bayanan kwamfuta sauti don su bi ta layin waya, shawarata ita ce kada ya kalli farashi tukuna, ya fara tambayar a ina ƙwaƙwalwar na'urar take. Na gwada iri uku ne a wata masana'anta da ke Kakuri, a nan Kaduna, inda wani tsohon inji yake aika bayanai zuwa ofis ta layin wayar cikin gida, kuma ofishin yana da kwamfuta mai Windows 10 da wata mai Linux.

Wanda ya fi araha shi ne katin da ake cusawa cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira Winmodem. Wannan kati ba shi da cikakkiyar ƙwaƙwalwa tasa, domin aikin sarrafa sautin layin ya dogara ne da kwamfutar da kuma direban da kamfani ya rubuta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa katin, galibi don Windows kaɗai. Faifan da ya zo da nawa na zamanin Windows XP ne, saboda haka Windows 10 mai bit 64 ta ƙi karɓarsa, Linux kuwa ta nuna sunan katin amma ba ta buga ko lamba ɗaya da shi ba. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Tsohon akwati na waje mai haɗin siriyal, wato RS-232, shi ne ya fi burge ni. Komai nasa yana cikinsa, kwamfuta kuwa umarnin AT kawai take tura masa, wato gajeren rubutun da ake ba modem umarni da shi, wanda kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981, don haka ba ruwansa da tsarin da ke kan kwamfutar. Da na rubuta ATZ, umarnin da ke mai da modem kan saitinsa, sai ya amsa da OK a dukkan kwamfutocin biyu, fitilunsa na gaba kuma suna nuna maka ko ya ɗaga layi ko ya samu ɗan'uwansa modem da ke ɗaya ɓangaren layin. Matsalarsa ita ce galibin sababbin kwamfutoci ba su da mashigar siriyal, sai an nemi wayar da ke mai da USB siriyal, ga kuma adafta tasa ta wuta, abin da ba ƙaramin ciwon kai ba ne idan an ɗauke lantarki.

Na USB suna da ruɗi, domin wasu Winmodem ne da aka sa wa sabuwar riga. Amma USRobotics 5637 da na yi amfani da shi yana bin ƙa'idar CDC ACM, wato ƙa'idar bai ɗaya ta modem na USB, Linux ta gane shi nan take da sunan ttyACM0, ya kuma yi aiki a Windows ba gardama. Shi na bar wa masana'antar.

Kada dai 56K da ke jikin kwali, wato gudun kilobit 56 a daƙiƙa, ya yaudari kowa: idan modem biyu na gida ne suke magana da juna, iyakar gudunsu kilobit 33.6 ne a daƙiƙa, wanda ya ishi ɗan rahoton da injin yake aikawa.